Hannun da Na Fizge

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka Gusau lafiya, kai da malaminku Malam Isiya da sauran 'yan'uwanka ɗalibai. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya zafin gari? Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ragowar tafiyar da ke gabanku zuwa wurin gasa, Allah Ya shimfiɗa muku hanya, Ya kawar da idon mugu daga motarku, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.

Ka sake duban saman takardar nan. Sunanka ne, kuma da hannuna na rubuta shi. Tun ranar da aka raɗa maka shi bai taɓa fita daga bakina ba, don kai ne ɗana na fari, mu kuwa haka muka taso muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma tsayar da ido a kansa. In zan yi maganarka sai in ce “yaron nan” ko “na wajen Inna”. Yau da na ɗauki biro sai da na waiga ko wani yana kallona, alhali ni kaɗai ce a ɗaki.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Ranar da za ka tafi ka durƙusa ka gai da babanka, ka dubi fuskarsa, ya yi maka addu'a da baki da hannu. Da ka zo kaina sai ka durƙusa idonka yana ƙasa, ka tashi ka saɓi jakar kayan aikinka ka fita. Wani zai ce ladabi ne. Ni na san ba shi ba ne. Kai da ido kake ji, in ka kawar da ido daga mutum ka toshe kunne ke nan. Kana fushi da ni ka tafi, na kuma san abin da na yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kada ka shiga gasar nan da fushin a ƙirjinka ya ɓata maka aikin da ka yi shekaru kana koyo, ka kuma ci gaba da ganin uwarka kunyar a ce ta haifi kurma take ji. Maganar hannu ban iya ba, in ban da “zo” da “ci abinci” da “an kira salla”. Shi ya sa na koma ga takarda. Direban da zai kawo muku sauran kaya zai miƙa wa Malam Isiya, shi kuma ya ba ka.

Ranar da Malam Isiya ya zo neman izinin tafiyarka ina bayan labule ina jin sa. Ya ce gasa ce ta ɗaliban makarantun koyon sana'a masu buƙata ta musamman, kurame da guragu da wasunsu, daga garuruwa daban-daban. Kowa za a ba shi ɗan ɗakin da aka ɓata da gangan: famfo yana zuba, ƙofa ta ƙi rufuwa, fenti ya ɓaɓɓare daga bango, ƙasa tana jiran tayil. Alƙalai suna tsaye da agogo, ba mai kama maka ko ƙusa. Na ce a raina, ai da gidanmu suka zo da ba su sha wahalar ɓata komai ba. Babanka ya tambaye shi ko kana da rabo a ciki, sai ya ce, “Malam, wanga yaro hannu gare shi. Abu guda nika jiye mai, in ranshi ya ɓaci shina aiki kamar ana korar shi.” Na san inda ka gado wannan, ba wajen babanka ba ne.

To bari in soma daga inda na soma ɓata maka. Da aka yaye ka, kakarka Inna ta ɗauke ka zuwa Faru kamar yadda ake yi wa ɗan fari. A can ka yi wayo, a can ka soma magana, har kana kirana Yaya don haka ka ji ƙannena suna kirana. Wata bazara sanƙarau ya kama ka. Aka aiko, na hau mashin na tafi a tsorace. Amma da na isa na tarar da mata cike da tsakar gida, sai na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da kake kwance, na kasa shiga. Inna da kanta ta ɗago ta ce, “Ke Hadiza, mi kika tsaya yi bakin ƙohwa? Shigo ki gane shi, jikin nashi ya yi zahi.” Na sunkuyar da kai na koma gefen murhu na kama wanke-wanken da ba wanda ya sa ni. Ina jin wata tana cewa, “Hadiza akwai kunya, Allah Shi yi mata albarka.” Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, maganar ta yi mini daɗi. Kana ciki kana fama da wuyanka a sanƙare, ni ina waje ina jin daɗin yabo.

Allah Ya tashi kafaɗunka. Kafin in koma gida, wata rana kana zaune kana wasa da ƙasa, kwanon sha ya suɓuce mini ya faɗi a bayanka. Kaji suka watse, kai ko motsi ba ka yi ba. Na sake buga kwanon da gangan, shiru. A nan na sani. Amma yaya zan buɗe baki a gaban Inna da yayyena in ce na lura da wani abu a jikin ɗan farina? Sai a ce ashe ido na sa masa. Na haɗiye abina na dawo Mafara. Sai da damina ta sauka ta kusa ɗaukewa kafin babanka ya je ya gane da kansa, ya kawo ka asibiti. Likita ya ce, “Tun yaushe kunka lura?” Babanka ya ce kwanan nan. Ni ina tsaye a gefe, ban ce uffan ba. Ban sani ba ko da an kawo ka da wuri da an ceci wani abu, na tambaya an ce watakila ba abin da zai sake. Amma ban yi shirun don na san haka ba.

Saboda haka ka ji ni da kyau. Kana da wani hali na gyaɗa kai in ana yi maka bayani, ko ka gane ko ba ka gane ba, don kada ka wahalar da mai magana. Na sha ganin ka yi wa baƙi haka. A wurin gasa kada ka yi shi. In alƙali ya yi bayani, tafinta ya juya maka da hannu, wani wuri ya shige maka duhu, ɗaga hannu a sake. In hannun tafintan ya bambanta da wanda kuka saba a makaranta, ka ce a rubuta maka. In an ba ka sifana da ta ci baki ko buroshin da ya bushe, nuna tun kafin a tayar da agogo. Kada ka ji nauyin kowa a kan abin da idonka ya gani. Ni na ji nauyi, ka ga inda ya kai mu.

Da Inna ta rasu ka dawo hannuna, ka tarar da uwar da ba ta san yadda za ta yi da kai ba. Sauran 'ya'yan fari ko uwa ta kawar da kai suna jin muryarta tana yi wa ƙanne faɗa, suna jin ta tana cewa a ajiye wa yaron nan tuwonsa, suna gane ana son su ta bayan fage. Kai wannan hanyar a rufe take. Ni kuwa na ci gaba da abin da na saba, in ka shigo in juya, in ka dube ni in dubi tukunya. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa duk abin da nake faɗa a kanka da baya nake faɗarsa ba.

Lokacin da babanka ya ce zai kai ka makarantar kurame, ni ce na tayar da ƙayar baya. Haka kuma da ka gama ya ce za ka wuce koyon sana'ar gyaran gini. Na ce a bar ka ka bi shi gonar shinkafa a Bakura, can ba mai yi maka dariya, ba mai cutar ka. Na ce wa zai ba kurma gidansa ya gyara? In yana kan tsani aka ce masa ga maciji fa? Na kawo dalilai har da waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Babanka, ka san shi, ba ya ɗaga murya. Sai da ya bari na gaji, sannan ya ce, “Hadiza, tausai kika ji, ko ko tsoron bakin mutane?” Na yi kwanaki ban yi masa magana ba, don ya taɓo inda ke ciwo. In kana gona ba wanda zai gan ka balle ya tambayi ɗan wane ne. Da an bi tawa da yanzu kana can kana korar tsuntsaye.

Shi ya sa nake ja maka kunne a kan masu tausayi, don na san su daga ciki. Za ka gamu da su a can. Wani zai ga kana fama da bututu ya matso zai karɓa, wani zai dubi aikin da ya karkace ya ce ai ya yi ƙoƙari, a bar shi haka. Ka gode musu da fara'a, amma kada ka saki abin da ke hannunka. Wanda ya ce ya isa alhali kai ka san bai isa ba, ba zai kira ka gidansa ba ranar da famfonsa ya fashe. In ma alƙali ne ya nuna maka kuskure a fili ba tare da sassauci ba, kada ka haɗe rai irin yadda ka saba. Wannan ya ɗauke ka ma'aikaci ne.

Akwai kuma abin da na yi a asibiti ranar da aka kawo ka, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya. Muna zaune a layi, kusa da ni wata mata tana riƙe da yaron da shan inna ya shanye wa ƙafafu. Na dube shi na ce wa wadda ke gefena, gara namu, ko ba komai yana tafiya da ƙafarsa. Ban san muryata ta fita ba sai da matar ta juyo ta dube ni. Ta gyara wa ɗanta zama ta juya mini baya. A can za ka kwana ɗaki ɗaya da irin wannan yaron, ya girma, yana riƙe da gudumarsa kamar kai. Kada ka auna lalurarka da tasa don ka ji sanyi. In an tashi daga aiki ka ga yana neman mai miƙo masa abu daga sama, miƙa masa. In an yi sanarwa da lasifika shi ne zai taɓo ka ya gaya maka.

Kada takardar ta zama kuka zalla, bari in tuna maka wadda ka yi mini dariya. Ka tuna hutun da ka zo gab da Babbar Salla, na kwaɓa farar ƙasa zan shafe bangon ɗakina na waje? Ka zo ka dafa bangon, ka girgiza kai, ka nuna mini sama wajen indararo. Ni kuwa baƙi za su zo, ina sauri, na yi maka hannu irin na korar kaza. Na shafe bangona tas, ya yi fari fat, har maƙwabta suka leƙo. Ba a cinye naman Salla ba shafen ya soma kumbura yana zubowa ɓawo-ɓawo. Ka tsaya a tsakar gida ka yi dariyar nan taka mai ƙarfi wadda kai ba ka san ƙarfinta ba, har awaki suka firgita. Na ji haushi, na kuma shige ɗaki na yi tawa dariyar a ɓoye. Washegari ka hau ka tarar indararon ya tsage, ruwa yana bin cikin bango. Ka canza shi, ka kankare duk abin da na shafa, ka hana kowa taɓa wurin har ya bushe, sannan ka yi shafe. Har yau yana nan.

Wannan kai ka koya mini, ina mayar maka ne kawai don agogo yana sa mutum ya manta abin da ya sani. In ka shiga ɗakin da aka ba ka, kada ka fara da abin da ido zai fi gani. Zagaya tukuna ka nemi inda ruwan yake fitowa. Za ka ga na kusa da kai ya riga ya buɗe fenti bangonsa yana ƙyalli, kai kana durƙushe a ƙarƙashin famfo, zuciyarka ta ce an wuce ka. Kada ka dube shi. Ni ce mai shafe bango a kan danshi, ka ga yadda na ƙare.

Sai dai labarin bangon bai ƙare da dariya ba. Bayan ka gama, wasu mata suka zo gaisuwa, ɗaya ta ce wa ya yi mini wannan aiki mai kyau, tana son a yi mata. Kana tsaye kana wanke buroshi, idonka a kan bakina. Na ce, “Wani yaro na nan gidan.” Na ga lokacin da ka karanta maganar a leɓena. Ka zubar da ruwan, ka shige zaure. Ni a wurina na bi al'ada, ban yabi ɗan fari ba. Kai a wurinka uwarka ta ƙi cewa kai nata ne. Matar nan ma ba ta kira ka ba, don ban gaya mata ko wane yaro ba ne. To in alƙalai sun zo duba aikinka, kada ka ja gefe ka sunkuyar da kai kamar wanda aka kama. Tsaya kusa da shi, ka dube su ido cikin ido, ka buɗe famfon da kanka, ka rufe ƙofar ka buɗe su gani. In sun tambayi sunanka rubuta musu shi cikakke, da na babanka, da garinku.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Malam Isiya ya ce ka yi ta gwaji a gida kafin tafiya, babanka ya samo tayil, kai kuma a duk ɗakunan gidan ka zaɓi nawa. Na yi kamar ban damu ba, na kwashe kayana zuwa rumfa ina mita. Amma ta taga nake leƙen ka. Na ga yadda kake ja da zare, yadda kake ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa ka kwanta har kumatunka yana taɓa ƙasa. Babanka ya taɓa gaya mini cewa masu sa tayil da kunne suke gane wanda bai kama ba, su ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar fanko to akwai rami a ƙarƙashi, wata rana zai fashe. Na daɗe ina tunanin kai yaya za ka yi. Sai na ga kana shimfiɗa tafin hagu a kan tayil, ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, ka lumshe ido, ka matsa na gaba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ana gobe za ka tafi, yayata Yaya Rabi ta zo daga Bakura da wasu mata don yi maka sallama. Saura jeri ɗaya na bakin ƙofa ka gama. Na shigo ɗaukar tabarma, su kuma suka biyo ni suna kallon aikin suna salati. Ka ɗago ka gan ni a tsaye a kan aikinka, fuskarka ta washe. Ka kamo hannuna, ka ja ni ƙasa, za ka shimfiɗa tafina a kan tayil ɗin da ya riga ya kama, don in ji abin da kake ji. Tun kana jariri rabon da hannuna ya shiga naka. Na ji idon matan nan a bayana, jikina ya yi abin da ya saba tun kafin hankalina ya iso. Na fizge. Ba a hankali ba, Lawali, na san da ƙarfi na fizge, kamar na taɓa garwashi.

Ka dubi hannunka, ka dube ni. Sannan ka juya ka ɗebo siminti ka jera sauran tayil ɗin cikin sauri, ka tattara kayanka ka fita. Yaya Rabi ta ce, “Kin yi daidai, ɗan hwari ba a sake mai huska, sai shi raina ki.” Ban taɓa mayar mata da magana ba tun muna yara, amma ran nan na ce, “Yaya, wanga yaro da huska yaka ji. In na ɓoye mai huska, da mi za shi ji ni?” Ta ce, “Lalle Hadiza, girma ya zaka miki da rashin kunya.” Ta yafa mayafinta, ko ruwa ba ta ƙara sha ba ta koma Bakura. Ba na zarginta, abin da aka koya mata ta faɗa, kuma ba ita ta fizge hannun ba. Abin takaicin shi ne duk wannan a bayanka aka yi. Ka ga fizgewar, ba ka ga sauran ba.

Ina son ka san wannan ko da ba za ka riƙe komai a takardar nan ba. Ban taɓa jin kunyar kurumtarka a zuciyata ba. Tsoron mutane na ji, son a yabe ni na yi, al'ada kuma na riƙe ta a inda ya kamata in sassauta. Kunyar ɗan fari ba mugun abu ba ce, ita ta raine mu, amma an yi ta ne don yaro mai jin muryar uwarsa ta katanga. Ya kamata in gane haka tun ranar da kwano ya faɗi. Ina alfahari da kai, ina son ka fiye da yadda na iya nunawa, kuma na cuce ka. Ka yafe mini.

Bayan tafiyarka, da simintin ya bushe, na rufe ƙofa na durƙusa a tsakiyar ɗakin. Na shimfiɗa tafina yadda na ga kana yi, na ƙwanƙwasa da bayan ludayi. Hannuna bai ji komai ba, duk ɗaya suke gare shi. Sai na koma ga kunne. Na bi su tun daga ƙuryar gado, kowanne yana amsawa da nauyi, daram. Har na iso jerin bakin ƙofa, wanda ka sa bayan na fizge. Na ƙarshensu, na jikin dokin ƙofa, ya yi ƙarar fanko. Na sake bugawa ko kunnena ne, ya sake yi. A duk ɗakin shi kaɗai ne bai kama ba.

Ba don in kushe maka aiki na faɗa ba. Wannan tayil ɗin ni na sa shi, da hannunka kawai aka yi. Amma alƙalan can ba su san Hadiza ba, in suka ƙwanƙwasa suka ji fanko sunanka za su rubuta. Don Allah kada ka shiga da ni ɗakin gasar. In ka ji abin ya taso maka kana tsakiyar aiki, ajiye cokalin siminti, ka yi numfashi, ka ambaci Allah a zuciyarka, sannan ka ci gaba a hankali irin yadda ka yi daga ƙuryar gado. Fushin ka adana shi, haƙƙinka ne, in ka dawo ka sauke mini shi da hannu biyu, babanka ya fassara, ba zan kawar da kai ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka roƙi wani ya riƙa taɓa ka in an kira. Ka ci abinci ko bai yi maka daɗi ba. Kada ka rabu da Malam Isiya a tasha, ka kuma riƙa waigawa kafin ka tsallaka titi, garuruwan can ba su san ka ba balle su rage gudu. In ka ci gasa mun gode Allah, in wani ya ci ka miƙa masa hannu ka dubi aikinsa da kyau ka ƙaru. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka gai da Malam Isiya da kyau, ka ce na gode.

Babanka ya ce zai kira wani ya ɓamɓare tayil ɗin ya sake kafin a taka ya fashe. Na ce ba mai taɓa shi. Na kifa kwarya a kansa, kowa tsallakawa yake yi. In ka dawo, kafin ka cire shi, ina so ka ɗora tafina a kai ka ƙwanƙwasa, sannan ka ɗora a kan na kusa da shi, har sai na gane bambancin. Na san ba ni da saurin koyo, sai ka yi haƙuri da ni. Na aika wa Yaya Rabi ta zo ranar, ta zo da matan nan duka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hadiza